Ɗinki Uku a Hannun Rigar Uwale

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni ba ku labarinta, don a Kazaure ba a rasa mai ba da labarin wautar tela. Ni Ɗanlami, da hannun nan nawa, na zauna na ɗinka rigar jariri har da 'yar hula, na yi mata ado da jan zare a wuya, na goge, na ninke, na aika wajen garin Roni kyauta. Jaririn da na ɗinka wa babu shi. Abin da ke cikin matar ciwo ne da ruwa. Shekarata talatin da wani abu a kan keke a lokacin, don haka ba za a ce ƙuruciya ba ce.

Ku da kuke koyon ɗinki a waya, kuna ɗan taɓa ƙafa keke na gudu da wuta, kun ɗauka sana'ar nan haɗa ƙyalle biyu ce kawai. Na ji wani cikinku yana cewa a wata uku ya gama koyo. Allah Ya ba da sa'a. Ni shekara bakwai na yi a gaban Malam Bawa, mutumin Gwiwa, kuma biyun farko ban taɓa keke ba sai in zan goge shi. Aikina hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, da farke ɗinkin da ya karkace. Farkewar nan ita ce karatun. Wanda bai bi riga ɗari da reza ba bai san yadda riga take ta ciki ba. Boko kuwa aji uku na yi aka ga ba alheri aka cire ni. Har yau lissafina a sittin yake tsayawa, inda tef ɗin awo ya ƙare. In abu ya wuce nan sai in ce yana da yawa.

Ranar da Malam Bawa ya fara ba ni aikin mata, wata tsohuwar riga ya jefo mini a cinya. A wajenmu, har yanzu ma a gidaje da yawa, tela namiji ba ya ɗora tef a jikin matar aure. Rigar da ta yi mata daidai take aikowa, ita ce rigar awo, a haɗa da saƙo: a ɗan buɗa nan, a rage can. Kai kuma ka shimfiɗa ta a tebur ka karanta. Inda zare ya ja, nan ta matse. Inda launi ya koɗe a baya, goyo take yi. Wannan rigar ta matar wani mai shanu ce daga wajen Babura. Na ga an saki gefenta da allurar hannu, ƙirji kuma ya ja har zare yana nunawa. Sai bakina ya kufce a gaban mijin na ce, "Lallai amarya ta samu ƙaruwa." Mutumin ya miƙe. Ya naɗe atamfarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Malam Bawa ya jira ya yi nisa, sannan ya ɗauki katakon awo ya sauke mini a gadon baya sau uku, a natse, kamar mai kaɗe tabarma.

"An kawo maka don ka ɗinka," in ji shi, "ba don ka yi sanarwa ba. Abin da ka gani a rigar matar mutum, ka bar shi a cikin rigar."

Na riƙe wannan karatu fiye da yadda na taɓa riƙe alƙawarin abokin ciniki. Na san matar da ta samu ciki kafin mijinta ya sani. Na san gidan da aka rage tuwo alhali maigidan yana sa shadda ranar Juma'a. Ban taɓa faɗa ba. Ƙarya dai na yi ta, irin ta "gobe da yamma in sha Allahu", amma wannan tare da keke ake sayo ta. Wani abu kuma da Malam Bawa ya koya mini: in ka rage riga, kada ka yanke abin da ka rage. Kwantar da shi a ciki ka goge, mai riga yana iya murmurewa.

In ka tambayi tela shekarar da ta fi masa muni, zai ce shekarar da gwanjo ya cika kasuwa, ko wadda aka kawo injin da ke yin aikin wuya shi kaɗai mutum yana tsaye yana shan shayi. Duk na gan su, na rame na murmure. Tawa shekarar ita ce ta rigar Uwale.

Uwale matar Hamisu ce. Hamisu kuma taubashina ne, ɗan kawuna, mai sayen riɗi a wani ƙauye bayan Roni. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Shi yake kawo ɗinkinta da kansa a bayan babur, shekara ashirin da ɗoriya. Ni da ita kuwa sai gaisuwa ta bayan labule in na je suna ko ta'aziyya. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure. Shekara goma sha biyu kafin wannan labari Uwale ta yi ɓatan wata har uku, sannan ta ga jini kaɗan, abu ya yi shiru. Tsofaffin gidan suka ce ciki ne ya kwanta, ranar da Allah Ya so zai tashi. Kun san maganar, ko a danginku ba a rasa wanda ake cewa ya shekara huɗu a ciki. Hamisu ya rungumi wannan magana bai sake ta ba.

Gab da azumi ya shigo shago ya ajiye mini wata riga ta atamfa, koriya mai zanen ganye, wadda ni na ɗinka a shekarar da ta wuce. Bakinsa har kunne.

"Kai tela maƙaryaci, tashi ka gaishe ni. Wanda ya kwanta ya tashi."

"Wa? Hankalinka?"

"Ciki, ɗan banza. Ta ce a buɗa mata gefe. Hannun kuma wai ya yi mata yawa, a ɗan rage."

Na buɗa gefe da rarar da na bari a ciki, na ci inci ɗaya da rabi a damtse. Damtsen Uwale sha huɗu ne tun da na san rigarta. Ban kawo komai a raina ba. Farkon ciki mata sukan rame, laulayi ne.

Bayan babbar salla sai ga shi da rigar nan dai. Na ce masa rowar mai riɗi ta kai a rubuta ta a bango, mace da ciki ba za a saya mata sabon zani ba. Ya ce in yi aikina. Saƙon kamar na farko ne, sai dai an ƙara abu ɗaya: wuyan rigar yana zamewa daga kafaɗa. Na shimfiɗa ta a tebur. Rara ta ƙare a gefe, sai an sa ciko. To ni rigar masu ciki ba ta ƙirguwa a hannuna, ta wuce sittin nesa ba kusa ba. Mai ciki ƙirjinta cika yake yi, ƙugu ya buɗe, damtse ko bai ƙaru ba ba ya gudu haka da rana tsaka. Wannan kuwa ƙirji ya faɗa, kafaɗa ta tsuke, ciki kaɗai ke tafiya gaba. Sau biyu na taɓa ganin riga irin wannan a rayuwata, kuma duka biyun ba a sake kawo mini ɗinkin masu su ba.

Na ɗago na dubi Hamisu. Yana kan benci yana karkaɗa ƙafa.

"Kowace Juma'a sai na ɗora ta a sikelin riɗi," in ji shi. "Nauyi sai hawa yake. Namiji ne, ƙato, ba irinka ba tsinken tsire."

"Tana cin abinci kuwa?"

"Loma biyu ta ce ta ƙoshi. Yaron ne ya cika wurin."

Iyakar abin da na tambaya ke nan. Me zan ce masa? In ce Hamisu, ƙirjin matarka ya faɗa? Malam Bawa ya daɗe a ƙasa, amma katakonsa yana nan a bayana. Na ce Allah Ya raba lafiya, na sake cin inci ɗaya da rabi a damtse. A satin ne na ɗinka rigar jaririn da na gaya muku. Ku lura da kyau, ba kafin in gani ba ne, bayan na gani ne. Tela in ya rasa abin faɗa sai ya ɗinka hula.

Zuwan rigar na uku da kaka ne, ana yankan riɗi. Damtse ya koma tara da rabi, awon yarinyar da ba ta gama firamare ba. Hamisu ya rage surutu. Wata tara sun kusa, ba motsin haihuwa, amma tsofaffi sun ce cikin da ya kwanta ya tashi ba a yi masa lissafin wata. Na ɗinka, na goge, na ba shi.

Sati uku bayan nan numfashi ya gagare ta in ta kwanta. Aka kawo ta asibiti a nan Kazaure, aka yi mata sikanin. Babu jariri. Ruwa ne cike da ciki, da wani ƙullutu a wajen ƙwan mahaifa, suna zargin kansa ce, wato ciwon daji. Suka ce a wuce Kano. Hamisu ya zo shago ya yi mini sallama kamar mutum, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a benci. Ya ce in raka shi tunda na san Kano. Shekara da shekaru ina yi masa burga da Kano. Gaskiyar magana, hanyar tasha zuwa kasuwar Kwari na sani, sai wata mai tuwo a bayan masu sayar da zare.

A babban asibitin aka fara zuƙe mata ruwan, aka cika roba aka kawo wata. Sannan aka kai ta babban hoto, siti suke ce masa. Na leƙa kafin a kore ni. Wani ƙaton zobe ne kamar bakin rijiya an tayar da shi tsaye, mutum ya kwanta a gado, gadon ya shige da shi. Washegari likita ta kira dangi. Muka shiga, ni da Hamisu da yayar Uwale mai jinyarta, tana rungume da ledar wanki. Likitar yarinya ce, 'yar Kudu, amma Hausarta ta fi ta Hamisu tsabta.

Ta juyo mana da gilashin kwamfuta. Mutum ne an yanka shi a tsakiya ba da wuƙa ba, daidai wajen cibiya, kamar yadda ake raba kabewa a ga cikinta. Ta nuna mana fari ta ce ƙashin baya ne, ta nuna ragowar ruwan. Ta gangara da hoton ƙasa ta nuna ƙullutun, ta ce ba za ta rantse ba sai an gwada shi, amma kamarsa ba ta yi mata daɗi ba. Sannan ta dawo wajen cibiyar ta fara zagaye wasu wurare da jan layi, a hankali, yadda nake zagaye hannun riga da alli kafin in sa almakashi. Na matsa kusa. Aikin da na gane ke nan tun da muka shigo garin.

"Wannan tsoka ce," in ji ta. "Don ƙullutun aka ɗauki hoton, amma a cikinsa muke auna naman da ya rage wa mutum. Biyun nan da ke gefen ƙashin baya, a mace mai tsayinta ya kamata su yi kamar haka." Ta dunƙule hannu. "Nata kuwa ga su."

Ba su fi yatsu biyu ba, kuma ta ce kitse ya ratsa su. Ta ce aikin da za a yi wa Uwale babba ne. Da naman nan ciwo yake haɗewa, da shi mutum yake tari, yake tashi zaune, yake jure magani. In babu shi, wuƙa tana iya riga ciwon kashe mutum.

"Amma likita," in ji Hamisu, "nauyinta ƙaruwa yake yi. Ni na auna."

"Da me, Baba?"

"Sikelin riɗi."

"In aka kawo maka buhu an zuba yashi a ƙasa, sikeli yana gaya maka?"

 Maganar yashi a buhun riɗi babu wanda ya fi Hamisu saninta, ta wajen saye da ta wajen sayarwa.

Ta ce matsalarta ɗaya, hoton na yau ne kaɗai. Ba ya gaya mata yaushe naman ya fara tafiya, a hankali ko da gudu. Wa ya lura? Yayar ta ce ita a Achilafiya take aure, in ta zo kuma a cikin hijabi take ganinta. Hamisu yana kallon takalminsa. Ni kuma ina kallon ledar wanki, don gefen koriyar atamfa ya leƙo. Na ce Yaya, ba ni rigar nan.

Na juye hannun a kan teburin likita. Layi uku na ɗinki, kowanne da launin zarensa, saboda ɗinkin ciki duk zaren da na tarar a keke da shi nake yi.

"Baƙin nan gab da azumi ne, daga sha huɗu zuwa sha biyu da rabi. Shuɗin bayan babbar salla, sha ɗaya. Farin da yankan riɗi, tara da rabi."

Ta ɗauki biro. Ta ce in maimaita. Tun da aka haife ni mai ilimi bai taɓa rubuta maganata ba, sai ɗan sanda sau ɗaya. Ta kira wani abokin aikinta ta nuna masa, suka yi Turanci, ya taɓa ɗinkin da yatsa. Har na fara gyara zaman hula, ina shirin yi musu bayanin yadda ake sa ciko.

"Baba," in ji ta, tana nuna shuɗin zaren, "a nan ka san ba ciki ba ne?"

"Ni tela ne, likita."

"Na sani."

Ta ci gaba da rubutunta.

Da muka fito Hamisu ya ja ni ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, nesa da mutane.

"Wato ka san damtsen matata har da rabin inci."

"Sana'ata ce."

"Ka sani, ka bar ni ina ɗora ta a sikeli kamar buhu."

"Da na faɗa me za ka yi?"

"Da na fasa maka baki." Ya tsaya yana kallon masu wucewa. "Da na gama kuma sai in kai ta asibiti."

Likita ta ce ba za a yi aiki yanzu ba. Za a ba ta magani ta jijiya, a yi ta ɗura mata ƙwai da madara da wake da kifi, a riƙa tashinta tana takawa ko da taku goma ne a baranda, bayan wasu makonni a sake hoto a ga ko naman ya dawo. Hamisu ya zama mai kiwo. Mutumin da bai taɓa sanin inda murhu yake a gidansa ba ya koyi dafa ƙwai a risho. Yayarta tana riƙe da ita a baranda, shi yana binsu da kofi yana lallashi. Uwale tana ƙoƙari, ta ci rabi, wani lokaci ya zauna, wani lokaci ya dawo. Ni na koma shago, ina zuwa ranar da zan sari zare.

Ranar hoto na biyu ina nan. Likita ta jera su gefe da gefe, na da da na yanzu, kowanne da jan layinsa. Ba sai an yi mini fassara ba. Na ga an ci wani rabin incin, kuma ba ni na ci ba. Ta ce in aka ɗora Uwale a teburin aiki a haka, ba ta jin za ta sauko. Za su ba ta maganin rage zafi, a koma gida, in ruwa ya taru a zuƙe a Kazaure.

"Ba na cewa da an zo da wuri da ta warke," in ji ta. "Wannan na Allah ne. Amma da mun samu abin kamawa."

Tun daga shekarar, in na ga riga ciki na gaba hannu na baya, faɗa nake yi. Ina jan mijin gefe in ce a je a yi hoto. Wani ya zage ni har kakana. Wani ya kwashe atamfofinsa biyar ya kai wa ɗaya daga cikinku, kuma matarsa tagwaye ta haifa, lafiya lau, har yau in ya wuce ƙofar shagona sai ya ɗaga mini yatsu biyu. Wata kuwa an kai ta, an samu abin, an yi mata aiki, mijin ya daina kawo mini ɗinki saboda ya ce idona ya yi yawa. Don haka kada ku tambaye ni wanne ne daidai, karatun Malam Bawa ko nawa. Kowanne ka bi sai ka sha duka. Ku da kuka gama koyo a wata uku wataƙila wayarku ta gaya muku.

Uwale ta rasu kafin shuka, Allah Ya jiƙanta. Amma ranar da aka sallame su daga Kano tare muka dawo, a motar da Hamisu ya ɗauko shata. Ina gaba, ita da yayarta da shi suna baya. A Dambatta direba ya tsaya duba taya, Hamisu ya sauka sayo mata dafaffen ƙwai, don har ranar bai daina ba.  Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa, muryar da shekara ashirin ban taɓa jin ta wuce "lafiya lau" ba.

"Malam Ɗanlami."

"Na'am, Uwale. Sannu."

"Yaya ta ce kai ka karanta wa likita rigata."

"Ɗan abin da na sani ne."

"Na gaya masa ba ya motsi, ya ce tsoro nake ji. Na gaya wa su Inna, suka ce kada in yi wa kyautar Allah baki." Ta tsaya ta ja numfashi. Ta madubi ina hango Hamisu yana tsallako titi da ƙwai a leda. "Akwatina cike yake da atamfa, Malam. Wa zan yi wa kwalliya da ciki irin wannan? Riga ɗaya na yi ta aiko maka don ka gani ka faɗa masa. Maganarka yake ji."